ƘWALLON ƘAFA DA ZUMUNCIN AL'UMMU: ME GASANNIN DUNIYA KE CE WA GARURUWANMU?



Batun da aka ɗora mini a bana shi ne gasannin ƙwallon ƙafa na ƙasashen duniya da yadda suke haɗa kan al'ummu. Na san a cikin zauren nan akwai dattawan da ke ganin tamaula aikin marasa aikin yi ce, kuma suna mamakin yadda ƙungiyar da ke fama da batun rijiyar burtsatse da rufin ajujuwa za ta ware mata lokaci. Ina roƙonsu su yi mini uzuri har in kai ƙarshe. Abin da ya iya zaunar da Bajamushe da Balarabe da Bayarabe a kan benci ɗaya har tsawon minti casa'in, ya cancanci a tsaya a dubi yadda yake yin hakan.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, wadda aka kafa a 1904, tana da mambobi 211, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya tana da 193. Gasar cin kofin duniya ta farko, a Uruguay a 1930, ƙasashe 13 ne suka buga ta, amma gasar 2026 an tsara ta da ƙasashe 48. Sai dai kada mu ɗauka da lalama aka buɗe wa Afirka wannan ƙofa. Gasar cin kofin Afirka ta farko, a Khartum a 1957, ƙasashe uku kawai suka buga ta: Masar da Sudan da Habasha. Ta huɗu ita ce Afirka ta Kudu, wadda aka sallama saboda ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙaƙe da farare. A 1966 kuma ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa gasar duniya baki ɗaya, domin an hana nahiyar gurbi ko da guda ɗaya na kanta. Sai a 1970 aka ba ta, Maroko ta shige shi. Ashe zumuncin da ake yabo yau sai da aka yi jayayya a kansa, har wasu suka haƙura da wasa domin a gyara tsari.

To, mene ne a cikin wannan wasa da yake sa baƙo da baƙo su fahimci juna? A ganina na farko shi ne doka ɗaya. Dokokin ƙwallo 17 ne, kuma waɗanda ake bi a Landan su ne ake bi a filin firamaren Amaryawa ko Korayel. Akwai wani labari da nake son abokan aikina malamai su ji. A gasar 1966, a wasan Ingila da Ajantina, alƙalin wasa Bajamushe ne, ya kori kyaftin ɗin Ajantina mai suna Antonio Rattin. Rattin ya tsaya yana neman tafinta, aka ɓata mintuna ana ja-in-ja a fili. Mutumin da ke kula da alƙalan gasar, Ken Aston, shi ne ya dubi fitilun ba da hannu na kan titi, ya ce a yi kati mai ruwan ɗorawa don gargaɗi, ja kuma don kora. Aka fara aiki da su a gasar 1970. Shi wannan Aston hedimastan firamare ne. Ba na faɗi haka don fariya ba, amma wanda ya taɓa raba faɗan yara a filin makaranta ya san amfanin hukuncin da kowa zai gane ba tare da dogon bayani ba.

Mu 'yan Nijeriya mun ɗanɗani wannan haɗin kai da bakinmu. A watan Maris na 1980, a Legas, muka ci Aljeriya 3 da nema, Segun Odegbami ya jefa biyu, Muda Lawal ya jefa ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka. Mu da muke kwalejin horon malamai a lokacin, a bakin rediyo muka ji shi. A 1985 yaranmu suka ci Jamus ta Yamma 2 da nema a ƙasar Sin, suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16, wanda shi ne karo na farko da aka yi gasar. A 1994 muka sake ɗaukar kofin Afirka a Tunisiya, bayan mun ci Zambiya 2 da 1, ita Zambiyar da 'yan wasanta suka halaka a haɗarin jirgin sama a gaɓar tekun Gabon shekara guda kafin nan. Mutane da yawa a ƙasar nan sun yi murnar kofin suna kuma tausaya wa wanda aka ci.

Amma daren da ba a mantawa shi ne na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Barazil tana gaba da ci 3 da 1, saura minti goma sha wani abu a tashi, mutane sun fara naɗe tabarmi. Victor Ikpeba ya rage ɗaya, Nwankwo Kanu ya farke ana dab da busa tashi, ya kuma ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Kwana uku bayan haka muka ci Ajantina 3 da 2, muka karɓi zinare. Ku dubi waɗanda suka yi wannan aiki. Daniel Amokachi da Celestine Babayaro da Tijjani Babangida da Garba Lawal duk tashin Kaduna ne, suna wasa da Okocha da Oliseh da Taribo West. Rashidi Yekini ma, wanda ya ci mana ƙwallonmu ta farko a gasar duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, haifaffen Kaduna ne. A daren Atlanta ban ji wanda ya tambayi ƙabilar Kanu ko addininsa ba kafin ya yi tsalle. Ƙasar kuwa a lokacin tana cikin tsamin dangantaka tsakanin Kudu da Arewa tun bayan soke zaɓen 1993.

Daga baya duniyar da kanta ta zo mana har ƙofar gida. A watan Afrilu na 1999 Nijeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano yana cikin filayen da aka zaɓa. Daga Kazaure tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. A nan Kamaru ta ci Japan 2 da 1, amma Japan ɗin ba ta karaya ba, sai da ta kai wasan ƙarshe a Legas, inda Sifen, mai ɗauke da wani yaro ana ce masa Xavi, ta ci ta 4 da nema. A Kano ɗin ne kuma muka fitar da Ayalan a bugun fenareti, kafin Mali ta fitar da mu, ɗan wasanta Seydou Keita ya zama gwarzon gasar. Shekara ta zagayo, a farkon 2000, Kano ta sauki Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso a gasar cin kofin Afirka da muka shirya tare da Ghana. A 2009 ma ta sake karɓar baƙi a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Wanda ya je kallo a waɗancan kwanaki ya ga abin da akwatin talabijin ba ya nunawa: baƙo yana neman hanya, ɗan gari yana raka shi, mai shayi yana ciniki da yatsu da mutumin da ba su da kalma ɗaya ta tarayya. Wannan shi ne abu na biyu bayan doka, wato baƙunci. Gasa tana tilasta wa wani ya taka ƙafa zuwa garin wani, tana kuma tilasta wa mai gida ya share ƙofarsa.

Yanzu bari in juya ɗaya fuskar, domin jawabin da ya tsaya a yabo bai cika amana ba. Ranar 13 ga Fabrairu 2000 aka buga wasan ƙarshe na waccan gasa a Legas, aka tashi 2 da 2 da Kamaru, ta cinye mu a fenareti. Daga Sakkwato har Kalaba baƙin ciki ɗaya aka kwana da shi. Kwana takwas bayan haka, ranar 21 ga wata, rikici ya ɓarke a Kaduna, aka yi asarar rayuka masu yawan gaske, a garin da ya ba mu Yekini da Amokachi da Babangida. Waɗanda suka rungumi juna a gaban talabijin su ne suka rabu unguwa-unguwa. Da yawa daga cikin mazauna Kaduna da ke zaune a nan sun fi ni sanin wannan labari.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Oktoba na 2005, bayan Kwaddibuwa ta sami gurbin zuwa gasar duniya a karon farko, Didier Drogba da abokan wasansa suka durƙusa a gaban kyamara a Sudan suna roƙon masu yaƙin basasa su ajiye makamai. A 2007 aka kai wasansu da Madagaska garin Bouake, hedikwatar 'yan tawaye, suka ci 5 da nema, sojojin ɓangarorin biyu suna fili ɗaya. Abin a yaba ne ƙwarai. Duk da haka, da zaɓen 2010 ya zo, ƙasar ta sake faɗawa cikin yaƙi. A 1969 kuwa wasannin neman gurbi ne suka zama ashanar da ta kunna yaƙin kwana huɗu tsakanin El Salvador da Honduras, ko da yake asalin rigimar ta filayen noma ce da baƙin haure. Mu ma a watan Maris na 2022, da Ghana ta hana mu zuwa Katar bayan kunnen doki 1 da 1 a Abuja, 'yan kallo suka afka fili suka yi ta ɓarna.

Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, zumuncin ɗan kallo gajere ne, da an hura usur ɗin tashi yake fara sanyi. Wanda yake daɗewa shi ne na mutanen da suka yi atisaye tare, suka ci tuwo a kwano ɗaya, suka kwana a garin juna, suka kuma san cewa baɗi war haka za su sake haɗuwa. Kallo yana motsa zuciya. Sabo kuwa sai an yi cuɗanya, shi ya sa Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take.

Misalin da ya fi dacewa da wannan taro shi ne na Maroko a Katar, a 2022. Ita ce ƙasar Afirka ta farko, kuma ta Larabawa ta farko, da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, bayan ta ci Beljiyam, ta fitar da Sifen da Fotugal. Kowa ya ga yadda gidajen kallo a garuruwanmu suka koma 'yan Maroko a waɗancan makonni. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, daga cikin 'yan wasanta 26, guda 14 a ƙasashen waje aka haife su. Achraf Hakimi haifaffen Madrid ne, Hakim Ziyech haifaffen Holan ne, mai tsaron gida Yassine Bounou a Kanada aka haife shi. Waɗansu kuma, irin su Youssef En-Nesyri wanda ya ci Fotugal da ka, sun fito ne daga makarantar koyon ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida, wadda aka buɗe kusa da Rabat a 2009. Wato ƙasar ta yi abu biyu a lokaci ɗaya. Ta gina wurin renon yaran gida, ta kuma bi 'ya'yanta na waje tun suna ƙanana tana tuna musu da inda iyayensu suka fito. Da ranar ta zo, ɗan gida da ɗan waje suka sa riga ɗaya.

'Yan'uwa mazauna birane, wannan magana taku ce. Yaro nawa ne a cikin 'ya'yanku, haifaffun Agege ko Tudun Wada ko Nyanya, da zai iya ambaton sunan sa'ansa guda biyar a garin kakansa? Ana kawo su da Sallah, su gaida tsofaffi, su zauna a mota suna latsa waya, a juya da su kashegari. Idan mu muka kau, da wa za su yi wannan ƙungiya?

Kafin in zo kan abin da nake roƙo, akwai wani abin da mutanen Babura za su shaida. A watan Oktoba na 2010 Nijar ta ci Masar, mai riƙe da kofin Afirka a lokacin, 1 da nema a Yamai, Moussa Maazou ya jefa ƙwallon. Daga nan ta sami zuwa gasar 2012 a karon farko a tarihinta, a shekarar da mu Nijeriya muka gaza zuwa. Ga wanda ke bin hanyar Babura zuwa Babban Mutum har Magarya, wanda yake da kawu ko suruki a tsallake, goyon bayan Mena a waccan shekara bai buƙaci wani dogon tunani ba. A nan ƙwallo ta tarar da zumunci a ƙasa ne, na aure da kasuwa da harshe, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

To, yaya lamarin yake a gida? Yaranmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura sun haddace sunayen 'yan wasan Barcelona da Arsenal har da na benci. Suna biyan kuɗi su shiga gidan kallo, su yi musu har ya kai ga zagi, wani lokaci har da dambe, a kan garuruwan da ba su san da zamansu ba. Ba na zargin mai gidan kallo, sana'a yake yi, kuma ya fi mai sayar musu da ƙwaya. Amma yaron Buntusu bai taɓa taka Kanya Babba ba, na Zugai bai san kowa a Insharuwa ba. Babura tana masarautar Ringim, sauran ukun suna ta Kazaure, saboda haka ko a hawan Sallah ba lallai su haɗu ba.

A da ba haka abin yake ba. Tun kafin Bature ya kawo tamaula, da kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, 'yan kokawa da 'yan dambe suke bin garuruwa, a sauke su, a ciyar da su, a kara, a rabu ana barkwanci. Da makarantun boko suka yawaita bayan shirin UPE na 1976, gasar makarantu ta gaji wannan al'ada. Malamin wasanni ya jera yara a bayan akori-kura ko su taka da ƙafa, a je garin maƙwabta a buga, hedimastan can ya yanka musu ko da zakara ne. Akwai 'yan boko da 'yan kasuwa a wannan zaure da abotarsu ta fara daga irin wannan tafiya, kuma har aure ta haifar tsakanin gidaje.

Abin da ya fara kashe wannan shi ne rashin fili. Na san makarantar da aka yanki gefen filinta aka yi shaguna, aka ƙara yanka aka ba wani ya yi gida, har wurin da yara ke buga ƙwallo ya koma bai fi masussuka ba. Na san wadda manomi yake turo kunyarsa taku biyu cikin filinta kowace damina. Babu shinge, babu takarda, dattawan da suka san iyaka kuma suna ta tafiya. Gari yana faɗaɗa, kuɗin fuloti yana hawa, filin makaranta shi ne maraya a cikin filaye.

Saboda haka roƙona na farko ga ƙungiya shi ne ta fara da ƙasa kafin ta sayi ko riga ɗaya. A bi makarantun firamare da na sakandare na ƙananan hukumomin nan huɗu, a auna filayensu a gaban dagaci da mai unguwa da shugaban iyayen yara, a rubuta, a kai wa hukumar ilimi kwafi, a kewaye su da darbejiya. Muna da safiyo da lauyoyi a cikinmu, wannan ita ce gudummawarsu.

Bayan haka sai gasa, sau ɗaya a shekara, a lokacin da 'yan birni ke iya zuwa da iyalinsu. Ina ba da shawarar a ɗauko tsarinta daga abin da ya sa gasannin duniya suke aiki. A buga gida da waje, domin kowane gari ya yi baƙunci ya kuma karɓi baƙi. Baƙin yara su kwana a gidajen abokan karawarsu, kada a jibge su a aji. Alƙalin wasa ya fito daga gari na uku, hukuncinsa kuma ya zauna ko ɗan hakimi ya shafa. A kowace tawaga a ware gurbi uku ko huɗu ga 'ya'yan mazauna birane, su zo mako guda kafin a fara, su yi atisaye da 'yan'uwansu. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a wurina, kuma na san shi ne zai fi wahalar cikawa, domin iyaye mata za su ce sauro, iyaye maza za su ce lesin.

Sai a kiyayi abu biyu. Na ɗaya ƙaryar shekaru. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, muka kuma rasa damar karɓar gasar 1991. Idan aka bar mai gemu ya shiga cikin 'yan aji shida, yara za su koyi cewa maguɗi ne hanyar cin kofi, gara ma ba a yi gasar ba. Rajistar makaranta ita ce shaida, hedimasta ya sa hannu. Na biyu, kada a rubuta sunan ɗan takara a jikin kofi ko riga. Mun ga kofunan da suka rayu shekarar zaɓe kawai, kuma mun ga yadda suke raba matasan gari gida biyu. Wanda yake son taimakawa ya ba ma'ajin ƙungiya, a rubuta masa rasit, a karanta sunansa a wannan taro.

'Yan mata ma kada a bar su a bakin fili. Inda iyaye ba su yarda da ƙwallo ba, akwai tsere da gasar kacici-kacici da muhawara, a haɗa su rana ɗaya, mota ɗaya ta ɗauki kowa tare da malamansu mata.

Ina roƙon mai girma shugaba da kada a tashi daga zaman nan sai an naɗa mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma domin aikin auna filaye, a kuma sa musu wa'adi kafin faɗuwar ruwan farko, domin da zarar an yi shuka ba a iya gane iyaka sai bayan girbi. Mu tsofaffin hedimastoci da muka san inda turakun farko suke, a shirye muke mu raka su.